Ɗaukar hoton gasar harbin baka ta yara: ina zan tsaya, me zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, wani lokaci da ƙwallon unguwa. Wata makaranta ta ba ni aikin gasar harbin baka ta ɗalibanta, 'yan shekara 10 zuwa 17, kuma a fili za a yi. Kyamarata ɗaya, gilasai biyu, 18-55 da 70-200. Babban burina in kama kibiya tana barin baka. Wane saiti zan yi, me kuma zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kibiyar da kake so za ta kamu, zan kuma ba ka lissafinta. Amma ka sa a ranka tun yanzu cewa hoton da uwa za ta sa a firam shi ne na fuskar ɗanta lokacin da ya ja tsirkiya har ta taɓa hancinsa da haɓarsa, idonsa a kan allon bara, ya manta da kowa. Wannan hoton da na kibiyar duk ba sa samuwa sai ga wanda ya san tsarin filin, don haka daga nan zan fara.

A biki kai ke juya mutane, ka ce a matso, a ɗaga kai, a sake. A filin harbi kuwa ba ka da ta cewa, alƙalai da daraktan harbi ne masu fili. Ƙa'idar hukumar harbin baka ta duniya, World Archery, mai hedkwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ta shata layuka a ƙasa. Akwai layin harbi, inda yara ke tsayawa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Bayansa da aƙalla mita 5 akwai layin jira, inda ake ajiye bakuna ana zama. Mita ɗaya gaban layin jira akwai layin 'yan jarida, nan ne wurinka. Ƙaramar gasar makaranta ba lallai ta zana wannan layin ba, shi ya sa za ka je da wuri, ka nemi babban alƙali, ka gabatar da kanka, ka ce ya nuna maka iyakarka da ƙafarsa. Wanda ya tambaya da safe, shi ake ɗaga wa ƙafa da yamma idan ya roƙi a bar shi ya matsa kaɗan a wasan ƙarshe.

Sai ka haddace busar usur, domin da ita filin ke magana. Busa biyu, maharba su hau layi. Bayan daƙiƙa 10 a yi busa ɗaya, a fara harbi. Busa uku, an gama, a tafi ɗebo kibau. Busa biyar ko fiye a jere na nufin haɗari, kowa ya sauke baka nan take. Idan ka yi sake ka ƙetare layi, wannan busar ta ƙarshe za a yi saboda kai, yaran da suka riga suka ja baka duk su sauke, hankalinsu ya watse. A manyan gasanni akwai fitilu da agogo: ja a dakata, kore a harba, rawaya na nufin saura daƙiƙa 30.

Magana ɗaya ba ni sassautawa a kanta. Kada ka taɓa tsayawa gaban bakan da aka ɗana wa kibiya, ko da a ce yaron fasali kawai zai yi maka, ko da kocinsa ya ce ba komai. Yatsun yaro suna gajiya, tsirkiya tana kuɓucewa, kibiya kuma ba ta san mai hoto ba. Hotunan da kake gani a jaridu, maharbi yana fuskantar kyamara, an ɗauke su ne daga gefe can nesa da dogon gilashi, a wurin da masu gasa suka keɓe, ko kuma da kyamarar da aka girke ita kaɗai ana latsa ta daga nesa. Idan makarantar na son irin wannan, a yi shi bayan gasa: kyamara a kan ƙafarta, kai kana bayan layi, koci yana tsaye. Kada kuma ka ce yaro ya ja ya saki ba kibiya don ka samu hoto. Sakin tsirkiya haka nan na iya tsaga bakan, ya kuma ji wa mai riƙe da shi ciwo.

Filasha ka cire ta ka bar ta a jaka, ka kashe har ɗan hasken da kyamara ke kunnawa don neman fokas, da ƙarar da take yi in ta samu. Ƙarar shota ma matsala ce, kuma dalilin ya wuce ɗauke hankali kawai. A jikin bakan Olamfik, wato irin wanda ake harbi da shi a gasar Olamfik, akwai wani siririn ƙarfe da ake kira kilika, kibiya na bi ta ƙarƙashinsa. In maharbi ya ja har tsinin kibiyar ya wuce, ƙarfen sai ya buga jikin baka ya ce ƙas, shi kuma ya saki. An horar da yaran nan su saki da jin wannan ƙarar ba tare da tunani ba. Shotarka in ta yi ƙara kusa da kunnen yaro, yana iya saki kafin lokaci, kibiyar da ya kamata ta faɗa rawayar tsakiyar allo ta faɗa shuɗin zobe, maki uku ko huɗu sun tafi a kan hotonka. In kyamararka maras madubi ce, kunna shotar shiru. In tsohuwa ce mai madubi, ja baya, yi aiki da 200, ka riƙa latsawa bayan kibiya ta fita, ko kuma ka ɗauki hotunan ja lokacin gwaji, kafin a fara ƙirga maki.

Yanzu ga abin da ke raba gwani da baƙo: ɓangaren da za ka tsaya. Mai harbi da dama yana riƙe baka da hagu, kafaɗarsa ta hagu na kallon allo. In kana bayan layi kana fuskantar allunan, ƙirjinsa da fuskarsa suna kallon hannunka na dama. Kenan in kana son fuskokin yawancin yara, ƙarshen layi na dama za ka nufa ka waiwayo. Bahagwai kuwa akasin haka ne, sai ka zaga hagu, kuma ka rubuta su tun da safe don kada ka koma gida da ƙeyarsu kaɗai. Galibi a ƙasashen da ke arewacin duniya ana shirya fili a harba zuwa arewa don kada rana ta shiga ido. In an yi haka, na dama suna fuskantar gabas, hasken safe yana kan fuskarsu, bahagwai kuma sai la'asar. Duba yadda naku filin yake ka tsara yininka a kai. Tsakar rana a ƙasarmu rana tana bisa kai ne, hular yaro ta jefa inuwa daidai kan ido, ba kuma filasha da za ta cike. Maganinsa ka durƙusa ko ka zauna a ƙasa ka leƙo ta ƙarƙashin hular. Durƙuson yana da wata riba: yaro ɗan shekara 10 da aka ɗauka daga tsayin idonsa ko ƙasa da haka yana fitowa da kwarjinin maharbi, wanda aka ɗauka daga sama kuwa yana ƙara ƙanƙancewa.

Kada ka yi gaggawa. A ƙwallo in ƙwallo ta shiga raga ba ka ɗauka ba, shi ke nan, amma a nan abu ɗaya ake maimaitawa. Matakin share fage na ƙa'ida kibau 72 ne, zagaye 12 na kibau shida shida, kowane shida a cikin minti 3 a manyan gasannin duniya, minti 4 a ƙanana da yawa. Ƙananan yara ana iya rage musu, amma dai kowane yaro zai ja baka sau da dama a gabanka. Zagaye biyun farko ka rage ɗauka, ka yi ta kallo. Kowane maharbi da kiɗansa: ya ɗana kibiya, ya ɗaga baka, ya ja, ya kafe hannu a ƙarƙashin haɓa, ya riƙe, ya saki. Wani daƙiƙa biyu yake riƙewa, wani sai ya kai biyar. Wani in ya riƙe ya daɗe sai ya sauke ya sake, to ka san yau yana fama da kansa. In ka gane kiɗan yaro, yatsanka zai riƙa sauka inda ya dace ba tare da ka cika memori da hotuna dubu masu kama ɗaya ba.

Saitin fuska ba wuya. Gilashin 70-200 shi ne abokin aikinka kusan duk yini. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko f/4, gwargwadon abin da gilashinka ke bayarwa, domin bayan layin harbi cike yake da tarkace: rumfuna, laimomi, madubin hangen nesa a kan ƙafafunsu, jakunkuna, iyaye da wayoyinsu. Buɗaɗɗiyar ƙofa ce ke narkar da su. Shota 1/1000 na daƙiƙa ta isa ga mai riƙe da baka, ISO 100 zuwa 400 a rana. Inda ake shan wahala shi ne fokas. Tsakaninka da idon yaro akwai hannun baka, akwai doguwar sandar da ke hana shi rawa, akwai abin saiti, akwai ita kanta tsirkiyar da ta raba fuska biyu, kyamara kuwa abin da ya fi kusa take cafkewa. Sai ka ga baka ya fito tas, ido ya dushe, hoton ya tashi a banza. Zaɓi ɗigon fokas guda ɗaya ƙarami ka ɗora shi a kan idon da ke kusa da kai. Sabbin kyamarori masu gane ido suna taimakawa, amma tsirkiya da gilashin ido kan ruɗe su, don haka ka riƙa zuƙo hoto a allo kana dubawa. Tunda yaron ba ya gusawa daga inda yake, in fokas ya zauna kana iya kulle shi ka jira. Akwai kuma hoto ɗaya da za ka rufe ƙofa dominsa, f/8 ko sama: ka tsaya ƙarshen layi ka ɗauki bakuna jere, ashirin ko talatin, duk a ɗage. Makaranta shi za ta sa a kalanda.

Batun haske a kan baƙar fata da farar riga ka riga ka san shi daga biki, sai dai a nan ba ka da ikon matsar da kowa inuwa. Auna hasken a kan fuska, ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da za ka gyara daga baya, ka lura kada farin riga ya ƙone gaba ɗaya. In lokacin hunturu ne, hazo zai cinye launin allunan da ke nesa, ƙura kuma tana jiran ka buɗe kyamara, saboda haka kada ka sauya gilashi a tsakiyar fili. In bazara ce, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa duk abin da ke can mita 50 ko 60 ya riƙa rawa, ba gilashin da zai gyara wannan. Hoton allo daga nesa da safe ake ɗaukarsa.

To, ga kibiyarka. Kibiyar babban maharbi da bakan Olamfik tana tafiyar kimanin mita 60 a daƙiƙa, ta baka mai tayoyi tana kaiwa wajen 90, ta ƙananan yara da bakunansu ba su da nauyin ja tana ƙasa da haka. Mu ɗauki 60. A shota 1/1000 za ta gusa santimita 6 kafin shota ta rufe, sai ta fito kamar zare mai dishi-dishi. A 1/4000 santimita ɗaya da rabi, ta fara fitowa sosai. A 1/8000 ƙasa da santimita ɗaya. Kenan 1/4000 ne mafi ƙaranci in kana son a gan ta sarai, kuma kada ka ji tsoron ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 don ka samu.

Saurin shota rabin aiki ne, sauran rabin dacewa. A ce ka bar filin mita ɗaya da rabi a gaban baka cikin hoton. In ka haɗa da tsawon kibiyar kanta, za ta shiga ta fice cikin kusan kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Kyamara mai ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa tana barin kibiya ta yi mita 6 tsakanin hoto da hoto, don haka kusan sau ɗaya cikin uku za ka same ta a ciki, in ma ka fara latsawa a kan lokaci. Mai ɗaukar 30 a daƙiƙa kusan kullum za ta samu. In ka jira sai ka ga an saki, ka makara, idon mutum da yatsansa ba su kai wannan saurin ba. Tsinin kibiya za ka zuba wa ido: yana ja da baya a hankali zuwa bakin kilika, da ya kusa sai ka danne ka riƙe. Masu baka mai tayoyi ba su da kilika, da wani ɗan maɓalli suke saki, sun fi wuyar karantawa, sai dai ka ƙirga kiɗansu. Wasu sabbin kyamarori, irin su Nikon Z8 da Sony A9 III da na OM System, suna ajiye hotunan da suka gabaci latsawarka muddin ka danna maɓalli rabi ka riƙe, wannan ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. In ba ka da su, bidiyon 4K mai firam 60 ko 120 da shota mai sauri zai ba ka firam guda na kusan megafiksel 8, ya isa intanet da ƙaramin bugu. Ka kuma sani, shotar shiru a kyamarori masu araha tana karanta hoto daga sama zuwa ƙasa a hankali, sai tsirkiya ta fito a karkace. Kibiya dama tana lanƙwasa da gaske in ta bar baka, wannan ba laifin kyamara ba ne, amma in ka ga tsirkiya ta yi wani irin gwame, koma shotar ƙarfe ka ja nesa. Shawarata ka ware zagaye biyu ko uku ga wannan farautar, da yaro ɗaya ko biyu masu tsayayyen kiɗa, in ka samu ka wuce.

Domin kuwa mafi daɗin hotuna suna zuwa ne bayan kibiya ta tafi. Hannun da ya saki yana komawa bayan wuya, baka yana sunkuyawa gaba yana lilo a igiyar yatsa da ke hana shi faɗuwa, fuska tana nan a kafe na kusan daƙiƙa guda, sannan ta faɗa maka inda kibiyar ta sauka kafin kowa ya duba. Kada ka sauke kyamara da jin ƙarar tsirkiya, ƙara jira kaɗan. Sannan ka riƙa juyawa baya. Koci ya sunkuya yana yi wa yarinya magana a hankali, abokai biyu suna leƙa madubi ɗaya, uba ya kasa zama. Wanda ya kalli gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021 zai tuna Kim Je-deok na Koriya ta Kudu, ɗan shekara 17 da ya ci zinare biyu. Abin da ya zauna a ran mutane shi ne ihun da yake kurmawa don ƙarfafa kansa da abokan harbinsa, kuma wanda ya sauke kyamara tsakanin kibiya da kibiya bai same shi ba. A wasannin fitar da gwani na bakan Olamfik kibau uku uku ake harbawa, wanda ya fi ya ɗauki maki 2, wanda ya fara kai 6 ya ci, in an yi kunnen doki a raba da kibiya ɗaya tak. A wannan kibiya ɗayar ka zaɓi fuska guda ka tsaya a kanta, kada ka yi ta lilo tsakanin biyu ka rasa duka.

Bayan busa uku, in alƙali ya yarda, bi yaran zuwa allo da gilashin 18-55. Tafi kana duban ƙasa, kibau da suka kuskure suna kwance cikin ciyawa, ka kuma tunkari allo ta gefe. Kada ka taɓa kibiya ko takardar allo kafin a gama rubuta maki, kada kuma ka tsaya bayan mai zare kibiya, gindinta da ƙarfi yake fitowa kuma daidai tsayin ido. A nan za ka samu launi: rawaya mai 10 da 9, ja mai 8 da 7, shuɗi, baƙi, fari, ga kawunan yara a haɗe suna ƙirga. In kibiya ta taɓa layin da ke tsakanin zobe biyu, makin sama ake ba ta, in an yi gardama alƙali ya zo da gilashin ƙara girma ya sunkuya, yara sun yi cirko-cirko suna jiran hukunci. Da ka ga an ɗaga hannu ana kiran alƙali, nufi can.

Tunda yara ne, akwai amana a wuyanka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, hoton da ake gane shi kuwa yana ciki. Ka sa makaranta ta karɓi yardar a rubuce, ta kuma ba ka sunayen waɗanda iyayensu ba su amince ba. Izinin ɗauka wa makaranta daban, izinin sakawa a shafinka na Facebook ko Instagram don tallar sana'a daban. Kada ka haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da ajinsa a fili. Za ka ga mai kuka, domin wasan nan yana cin rai, yaro ya yi wata da watanni yana atisaye kibiya ɗaya ta fitar da shi. Ni ina ganin in ma ka ɗauka, iyayensa kaɗai ya kamata su gani. 'Yan mata kuma, masu hijabi da marasa shi, tsayuwar harbi tana buɗe ƙirji, ga kariyar ƙirji da ake ɗaurawa don kada tsirkiya ta kama tufafi. Ɗauke su daga kafaɗa zuwa sama, ko kuma cikakkiyar tsayuwa daga nesa, ka goge duk abin da kai ba za ka so a ga ƙanwarka a ciki ba.

In wata rana aka kira ka gasar cikin ɗaki, ta mita 18, matsalar ta koma ta ƙarancin haske da fitilu masu ƙyaftawa, waɗanda ke sa ratsi a hoto musamman da shotar shiru. Kunna saitin hana ƙyaftawa, sauko 1/250 ko 1/500, ɗaga ISO zuwa 3200 ko fiye, ka haƙura da kibiya a iska.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ke kawo aiki na biyu. Iyaye ba sa yafe a ce ɗansu ba ya cikin hotuna, ko da shi ne na ƙarshe a maki. Kafin a fara, ɗauki hoton takardar da ta jera sunaye da lambobin allo. Kowane maharbi yana da lambar allonsa da harafi, kamar 7A ko 7B, sau da yawa a maƙale a kwarinsa. Duk yaron da za ka ɗauka, fara da lambar, sannan fuskar, sai ka yi masa alama a takardarka. Ka bi layin daga farko zuwa ƙarshe kafin hutun tsakiya, ka tabbata kowa yana da aƙalla hoton ja ɗaya mai kyau da ɗaya na bayan saki. A ware wa koci nasa daban, cikakkiyar tsayuwa daga gefe da kuma daga baya ba tare da an yanke ƙafa ko gwiwar hannu ba, domin da su yake nuna wa yaro inda kafaɗarsa ke tashi. Tafi da batir biyu, memori biyu, ruwa, hula, da 'yar kujera mai naɗewa, don gasar fili takan ci yini guda. Allah ya ba da sa'a.